Ƙafar Ƙanena a Kan Kulocin Baba

Ni ne ɗan farin Baba, kuma a gidanmu wannan ba sarauta ba ce. Kakata Bafulatana ce daga Bahindi, ita ta raini Baba da irin kunyar nan da ba ta tsufa. Tun da na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakinsa ba. Ina ƙarami “wancan” yake ce mini, da na koyi kanikanci na buɗe rumfata a bakin hanyar tashar Bagudo sai na samu ƙarin girma na koma “mai gareji”. Ba mu taɓa sa hannu a akushi ɗaya ba. In yana da saƙo gare ni, ko ina tsaye a gabansa, wani zai juya ya faɗa wa. Kowa ya ce mini wannan ai girmamawa ce, ɗan fari ake yi wa ita. Na ji, na gode. Amma ƙanena, autanmu, wanda shi ma yanzu magidanci ne da gonar shinkafarsa a fadama, Baba yakan kira sunansa tun daga zaure har maƙwabta su ji, su zauna tabarma ɗaya suna ɓare gyaɗa suna dariyar mutane.

Abu ɗaya na mallaka a wurin Baba wanda auta bai da shi, shi ne motar. Tsohuwa ce mai dogon baya, fara a da, yanzu launin hanya. Da ita Baba yake jigila daga Bagudo, ya haye gadar Tuga, ya bi ta Ka'oje har Tsamiya a bakin iyaka, tun kafin a yaye ni. Daga ranar da na iya riƙe sifana, babu hannun da ya ƙara taɓa cikinta sai nawa. In ya kawo ta na shige ƙarƙashi, sai ya tsuguna a gefen taya ya yi magana da ita.

“Tsohuwag ga tana tari da sahe,” zai ce, idonsa a kan fitila.

Ni kuma daga ƙasa in amsa, “Hulogi na, Baba.”

“To, a duba mata.”

Iyakar hirata da mahaifina ke nan, kuma ba na musanya ta da komai. Har nakan ja aiki da gangan, abin da zan gama kafin shayi ya huce in kai shi hantsi.

Wata shekara da damina ta ja baya, motar ta fara ƙin giya. Daga rumfata nake jin ta in Baba zai tashi daga tasha: ƙurrr, ƙurrr, sannan ta shiga da ƙyar ta yi tsalle. 'Yan kamasho kuwa ba su bar ni na sha ruwa ba. “Mai gareji, injin niƙa kunka buɗe gidanku? A kawo gero?” Na yi dariyar yaƙe, raina yana tafasa. Motar uban bakanike tana kuka a gaban jama'a, wa zai ƙara kawo mini tasa?

Da yamma Baba ya kawo ta. Ya gaya wa fitila cewa tsohuwa ba ta son lamba ɗaya, ribas kuwa sai an yi kokawa.

Na bi ta yadda aka koya mini, daga mai sauƙi zuwa mai wuya. Na kashe inji na gwada, giya ta shiga ko'ina ba gardama. In mota tana karɓar giya a kashe, tana ƙi a kunne, to ba akwatin giya ne da laifi ba, kuloci ne ba ya sakin inji sosai. Na buɗe ɗan kofin man birki da ke tura kulocin, na ga mai bai ragu ba. Na bi bututun da yatsa ina neman danshi, babu. Duk da haka na ce ko iska ce ta shiga, na kira auta ya zauna a kujera yana danna feda ina ƙasa ina sassauta ɗan noti. “Danna! Riƙe! Saki!” Muka yi ta yi har man ya riƙa fita tas babu kumfa. Na canja robobin masta, famfon da ke tura man, na sama da na ƙasa. Na zubar da man giya na zuba sabo. Na ɗauke ta na nufi hanyar Geza, ta yi mini ladabi, kowace lamba tana shiga sumul. Na dawo na miƙa wa auta makulli ya kai wa Baba, ina hura hanci.

Washegari da safe, ƙurrr.

Sai na sauke akwatin giya gaba ɗaya, aikin da ke cinye yini ya bar mutum da ciwon baya. Faifan kuloci bai cinye ba, da sauran rayuwarsa. Na canja shi duk da haka, na canja boris ɗin da ke tura shi, na mayar da komai na ɗaure. A hannuna lafiya lau. A hannun Baba ƙurrr. Wani abokin sana'a ya ce ko motar ta yi gamo ne a dajin Ka'oje, a nemi rubutu a yayyafa mata. Na ce masa in aljanu sun fara shiga akwatin giya, gara mu rufe gareji mu koma su.

Ana nan sai kukan ya ɗauke da kansa. Wata safiya na ji tashin motar daga tasha shiru, ta wuce ta gabana tana canja giya kamar sabuwa. Kwana ya bi kwana, ba ƙara, kuma Baba bai ƙara kawo ta ba.

A nan ne abin ya fara cina. Ruwa ba ya tsami banza. Mota ba ta warkewa don an yi mata addu'ar alheri. Na yanke a raina cewa Baba ya tsallaka da ita Segbana, cikin Binin, ya ba wani bakaniken can, irin masu magana da Faransanci suna ɗaure noti da safar hannu. Na riƙa ƙirƙiro mutumin a kaina, har gashin baki na yi masa. Na ga Baba tsugune a gefen tayarsa yana gaya masa tsohuwa ba ta son lamba ɗaya. Abinci ya daina yi mini daɗi. Wata rana da azahar Baba yana ƙailula, na lallaɓa na shige ƙarƙashin motar a ƙofar gida kamar ɓarawon kaji. Na san ɗaurina, na san inda nake lanƙwasa waya, na san notin da na taɓa gurje wa kai. Na duba ko'ina. Babu hannun kowa sai nawa. Na fito da ƙasa a ƙeya, na rasa ma wanda zan ji haushi.

Abin da ban ba muhimmanci ba shi ne auta. Tun lokacin da kukan ya ɗauke, ya bar gonarsa a hannun 'yan ƙwadago ya koma bin Baba kowace tafiya. Ba a baya yake zama ba. A hanyarmu ba abin mamaki ba ne direba ya raba kujerarsa da fasinja in lodi ya yi yawa, to shi auta a nan yake matsewa, tsakanin Baba da ƙofa. 'Yan tasha suka ce tsoho ya ƙara son kuɗi, ko ɗansa ba ya bari ya ci kujera guda. Ni ma haka na ɗauka.

Ranar wata kasuwar Tsamiya ina da sayayyar kayan gyara, na zo tasha na ce da ni za a tafi. Auta ya taso da sauri.

“Yaya, mota ta cika. Ka bi ta baya mana, ga ta can tana lodi.”

“Motar ubana ta cika gare ni?”

Na ɗaga wa wata mai daddawa ƙwaryarta na ɗora a cinyata, na zauna daidai bayan Baba. Bai waiwayo ba. Na ga dai wuyansa ya sandare.

Kafin mu kai gada na gama ganin komai. Ƙafar Baba ta hagu tana naɗe a baya, ƙarƙashin kujera, ba ta aikin komai. Ƙafar auta ta dama ce a kan kuloci. Baba yana riƙe da sitiyari da totur da birki, hannunsa a kan sandar giya, auta yana danna masa. Kuma ba sa yi wa juna magana a kan hakan. Babu “danna”, babu “saki”. Kafin hannun Baba ya bar sitiyari, ƙafar auta ta riga ta sauka. A shingen jami'ai, a ramukan bayan Ka'oje, a wurin da shanu suka tare hanya muka bi su a hankali, ko sau ɗaya ba su saɓa ba. A tsakani kuma suna hirarsu ta farashin albasa, kafaɗa a jikin kafaɗa, Baba yana dariya har yana buga sitiyari.

Ashe duk wahalar da na sha, motar lafiyarta ƙalau. Gwiwar Baba ce ta gaza kai feda ƙasa. Na san abin da ya kamata ɗa na kirki ya ji a lokacin, tausayi ne, kuma ya zo daga baya. Amma wanda ya riga shi isowa kishi ne, mai zafi, irin wanda ke sa kunne ƙaiƙayi. Na zauna da warin daddawa a hancina ina kallon ƙeyar mutum biyu, ina jin da ma bakaniken Segbana ne. Shi aƙalla bare ne, zan iya zaginsa in huce.

A Tsamiya na ja auta bayan buhunan albasa.

“Tun yaushe?”

Bai yi mini musu ba. “Tun damana, Yaya. Gwiwatai ta. In ya danna sai ka ga zuhwa ta keto mishi.”

“Kuna kallo ina sauke akwatin giya, ina ta hauka ƙarƙashin mota?”

“Ni ma sa'annan ban sani ba. Daga baya yac ce min. Yac ce in 'yan tasha sunka ji za su hana shi lodi, shi ko ka san in an raba shi da motag ga an gama da shi.” Ya murza ɓawon albasa. “Kuma yac ce kada mai gareji ya ji.”

“Don mi?”

“Haba Yaya. Kai ma ka sani.”

Na sani mana. Mutumin da bai taɓa cin tuwo a gabana ba, ta yaya zai buɗe baki ya ce mini ƙafarsa ta gaza? Sanin bai rage mini komai ba. Na ce wa auta daga yau ni zan riƙa zama a wurin, ai na fi shi sanin kulocin. Ya dube ni, ya yi ƙoƙarin riƙe dariya, ta ƙwace masa.

“Kai da Baba, cinya da cinya, tun daga Bagudo har nan? Wallahi sai ya buɗe ƙohwa ya dire.”

Gaskiya ya faɗa, shi ya sa na ji kamar in kwaɗa masa mari.

A gida na kwashe labarin na gaya wa matata, ina jiran ta taya ni. Tana tsince shinkafa a faifai, ko ɗagowa ba ta yi ba. Na ce ni damuwata hatsari ne, mutum biyu a kan mota ɗaya, ran fasinja fa? Ta ce, “Kihi na ganinka, mai jar koma. Gemu-gemu da kai kana kishin ƙanenka.” Na ce ba kishi ba ne. Ta ce to Allah ya ba da haƙuri, ta ci gaba da tsintarta.

Kwanakin da suka biyo baya na yi su ina tunani ɗaya. Ba zan iya zama a kujerar ba, amma ni bakanike ne, zan iya tayar da wanda ke zaune. In kulocin ya yi laushin da gwiwar Baba za ta iya da shi, auta ba shi da sauran hujja, sai ya koma fadama ya ji da tsuntsayen shinkafarsa. Baba ya tsira da motarsa da sirrinsa, motar kuma ta dawo tsakanina da shi kamar da. Ba zan ce don Allah kaɗai na yi ba. Rabi don gwiwar Baba ne, rabi don in ga wurin nan na jikin ƙofa babu kowa.

Akwai wata tukunyar ƙarfe da muke kira sabo, wadda ke jan iska daga inji ta taimaki ƙafar direba a kan birki. Wasu ƙananan bas-bas suna zuwa da irinta a kan kuloci. Ita na shiga nema. Na tsallaka Segbana da kaina, garin da na gama tsine wa makanikansa a zuci, na bi wuraren da ake farfasa tsofaffin motocin Kwatano. Da Hausa da guntun Dandanci da nuni da hannu na yi ta bayani, har wani dattijo ya gane, ya kai ni bayan shagonsa ya zaro mini ita daga gawar wata bas da kaji suka mayar gida. Ya ma ba ni ruwa na sha. Ba shi da gashin baki.

Saura yadda zan karɓi motar. Na je gida na tarar da Baba yana goge gilashi, na tsaya ta ɗaya gefen na gaya wa madubi cewa tsohuwa tana son kwana biyu a gareji. Ya gama goge gilashinsa. Sannan ya ajiye makulli a kan bonet ya shiga zaure.

Ban taɓa yin aiki da zuciya ɗaya kamar wannan ba. Wurin bai ishi tukunyar ba, sai da na matsar da kofin mai na ƙera mata mazauni a wurin mai walda. Na jawo mata tiyo daga inji. Sandar da ke tura masta ta yi tsawo, na yanke, ta yi gajarta, na sake wata. Da farko kulocin ya yi laushi har ya wuce, mota tana fizga kamar ɗan maraƙi, na yi ta daidaitawa. Na sassaƙa guntun katako na ɗaure a kan feda na lulluɓe shi da roba, don kada gwiwa ta miƙe da nisa kafin ta kai ƙasa. Masu kawo mini aiki na ce su dawo jibi. Da na gama, na durƙusa na danna feda da babban yatsan hannuna, ta sauka har ƙasa.

Baba ya zo da la'asar, shi kaɗai. Ya shiga ya zauna ya tayar da inji. Na buɗe bonet na ɓoye a bayansa ina taɓa abin da ba ya bukatar taɓawa, ina leƙensa ta ƙasan murfin. Na ga ya jawo ƙafar hagun da hannu ya ɗora ta a kan katakon. Ya danna. Ya saki. Ya sake dannawa a hankali, ya sa lamba ɗaya, ya fitar, ya sa ribas. Ko ƙis. Ya zauna yana kallon sitiyari, kuma na san ya gane cewa na sani. Na ji tsoron kada ya ji na tona shi. Can sai ya shafa sitiyarin ya ce, “Tsohuwa, ashe kina da sauran ƙuruciya.”

Na rufe bonet, ya ja ta ya tafi da ƙafarsa. Ranar har tsire na saya wa mutanen gidana, matata tana ta kallona ta gefen ido.

Ranar kasuwar da ta biyo baya na riga kowa buɗe rumfa. Na sa benci a bakin hanya, na karɓi shayi, na zauna ina fuskantar tasha. So nake in ga Baba ya wuce shi kaɗai a kujerarsa, ya baje kamar kowane direba. Na ji tashinta, na ji ta ɗauki lamba biyu lafiya. Ta taho da buhuna a sama da awaki a but.

Auta yana nan tsakanin Baba da ƙofa.

Suka rage gudu a gabana suka tsaya. Na taso da kofina a hannu, ina cewa a raina ko wani abu ya kwance ne. Na leƙa ta taga. Ƙafar Baba ce a kan katakon. Auta ya tattare nasa ƙafafun biyu ya jingina su da ƙofa, ga ƙullin gyaɗa a cinyarsa.

“Yaya, Allah shi yi ma albarka,” in ji shi, fuskarsa fal murna. “Ƙahwata ta huta. Ko ni ban taɓa jin kuloci mai taushin wanga ba.”

“To mi kaka yi nan?”

Na so in faɗe ta da wasa, ba ta fito da wasa ba. Auta ya juya ya dubi Baba. Baba bai kalle ni ba, gilashin gaba ya gaya wa.

“Na saba da shi nan.”

Ya danna kulocin da na yi masa, giya ta shiga ba a ji ta ba, suka hau hanya. Na bi su da ido har suka sha kwana, hannun auta yana miƙa masa gyaɗa.

Makanikai daga Ka'oje har da na hayin iyaka sun zo kallon aikin nan, wasu sun kwaikwaya. Baba ya ci gaba da lodinsa, babu ɗan tashar da ya taɓa sanin komai. Aikin ya yi kyau ƙwarai. Ya yi kyan da tsohuwa ta shafe rani da damina ba ta leƙo garejina ba, ni kuwa kullum da safe ina kan benci da shayina, ina kasa kunne ko za ta yi ɗan tari.